Kurege da Shimfiɗar Zauren Maharbi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ku amsa da ƙarfi mana, ko gyaɗa ce ta cika muku baki? Yauwa, ta zo mu ji ta. To ku matso kusa, amma ban yi muku alkawarin za ku tashi da farin ciki ba.

Wani maharbi ne ana ce da shi Nomau, gidansa na can bakin gari inda gonaki suka fara. Yana da mata, Tabawa, mai suyar ƙuli-ƙuli, yana kuma da karnuka. Biyu 'yan kwikwiyo ne jajaye masu ƙaiƙayin haƙori, ba abin da suka iya sai ɓarna. Ɗayan tsoho ne baƙi ƙirin, sunansa Duna. Ya yi farauta a zamaninsa har daji ya san shi, amma yanzu haƙora sun zube, ido ya yi hazo, an daina fita da shi. Aikinsa kwanciya a zaure, a kan tabarma, a kusurwar da rana ba ta kaiwa.

To a ƙarƙashin tabarmar nan, daidai inda Duna ke ɗora cikinsa, akwai rami. Ramin Kurege ne.

Ku ji ƙarfin hali. Kurege, naman miya, ya rasa inda zai yi gida duk faɗin duniya sai zauren maharbi. Amma ba wauta ba ce. Rumbun gyaɗar Tabawa na nan kusa, kuma babu maharbin da ke neman nama a inda yake zama ya miƙe ƙafa. Kurege ba mata, ba ɗa, sai gyaɗa. Ya tara ta, ya tara ta, har shi kansa a takure yake kwana. Abu ɗaya ne ke faɗar masa da gaba: ranar da aka ɗaga tabarma aka ga bakin ramin, Nomau zai cusa masa hayaƙi, ya fito yana tari, ya ƙare a tukunyar Tabawa.

Duna ya san da shi, don hanci bai tsufa ba. Amma bai tona ba. 'Yan kwikwiyo kan ƙwace masa ƙanzon da aka zuba musu, ya wuni da yunwa, Kurege kuma kan sato masa ƙuli-ƙuli, ya jiƙa masa da ruwa yadda dasashi zai iya. Da tsakar rana, in Nomau na daji, Tabawa na cikin gida, sai Duna ya ɗan ɗaga ciki, Kurege ya fito, su yi hira. Duna ya yi ta ba da labarin farautar da, Kurege na saurare da kunne ɗaya. Duna aboki ya ɗauke shi. Shi kuwa Kurege murfin rami ya ɗauki Duna.

Ana nan, ana nan, 'yan kwikwiyo suka far wa tabarmar. Suka ci gefe, suka ci tsakiya, ba abin da ya tsira sai inda Duna ke kwance. Ran nan kuwa sai ga Mai unguwa ya zo wucewa, cikin farar riga mai sitati, ya yi sallama.

Nomau ya ce, “Maraba, ranka ya daɗe. Bismillah, shigo ka zauna.”

Mai unguwa ya leƙa. Ga gashin kare, ga yawun kare, ga tsummokaran kaba. Ko takalmi bai cire ba. Ya ce, “A'a, daga nan ma gaisuwa ta isa. In na zauna sai na koma gida an wanke rigar nan. Nomau, na ji iyalinka ta kusa sauka. Ranar suna a nan za ka zaunar da dattawan gari?”

Ya juya ya tafi. Kunya ta rufe Nomau, don a garin nan babu cin fuskar da ta kai baƙo ya gaishe ka a tsaye a bakin zaurenka. Ya ƙwala wa Tabawa kira ya ce, “Gobe a kwashe tarkacen nan, a kira mata su yi wa zauren nan sabon daɓe. Na gama da shimfiɗa. In baƙo ya zo a ɗauko tabarma daga ɗaki, in ya tafi a naɗe.”

Kurege na ƙasa yana ji. In mata suka zo da madaɓi, ai kafin su fara waƙa sun ga ramin.

To maharban garin suna da wata al'ada da suka gada. Duk dabbar da ta zo bakin ƙofa ta yi sallama aka amsa mata, ta zama baƙuwa, ba a harbinta, ba a sa mata kare. Kurege ya san da haka. Da gari ya waye ya sulale ta rariya, ya zagayo ta gaban gida, ya karkaɗe jela, ya gyara murya.

“Salamu alaikum, Sarkin Baka!”

Nomau bai riƙe sarautar komai ba, amma sunan ya yi masa daɗi. Ya amsa kafin ya ga mai sallamar. Da ya gan shi sai ya haɗiye yawu ya ce, “Ka ci sa'a na riga na amsa. Me ya kawo ka?”

Kurege ya ce, “Ni dillalin shimfiɗa ne. Na ji a gari wai za ka bar zaurenka tsirara. Haba, Sarkin Baka! Baƙo ya zo ya tsaya yana kallon ƙasa, ana can ana neman tabarma a bayan tukwane? Cewa za a yi rowar zama kake yi. Ba karnukanka ke da laifi ba, zaɓenka ne bai yi ba. Gidan karnuka ba a shimfiɗa masa tabarma mai sakwa-sakwan saƙa. Mai kauri ake nema, mai matsattsen baki, wadda haƙori ba ya samun wurin shiga, mai rini ja da baƙi yadda gashi ba zai nuna ba. In ta yi datti a kai ta rafi a buga, ta bushe kafin azahar.”

Nomau ya ce, “Ka san inda ake samunta?”

“Ni da sana'ata? La'adata mudun gyaɗa ne kawai. Sai sharaɗi ɗaya: dillali ne ke shimfiɗawa da hannunsa, kuma sabuwa a kan tsohuwa ake ɗorawa, kafin a zare tsohuwar. Haka muka tarar.”

Ba su tarar da komai ba, a nan take ya ƙirƙira. Amma Nomau ya yarda. Aka kawo tabarma daga kasuwa, Kurege ya shimfiɗa da hannunsa, ya zare tsohuwa ta ƙasa, bakin rami bai ga haske ba. Ya karɓi mudunsa. Duna ya koma ya kwanta.

Tabarmar kuwa ta yi kyau, gaskiya. 'Yan kwikwiyo suka gwada, haƙori ya ƙi shiga, suka haƙura. Da Kurege mai godiyar Allah ne, da nan tatsuniyata ta ƙare, kowa ya je ya kwanta. Amma ya ɗanɗana gyaɗar da ba a yi mata gudu ba, wadda aka auna aka miƙo masa har da na gode.

Ya ce wa Duna, “Baba Duna, in tabarmar nan ta shekara, ni kuma la'ada fa?”

Duna ya ce, “Raminka ya rufu, maigida ya huta da kunya. Me kuma kake nema, ƙanena?”

“Kai dai ka kwanta, Baba. Kwanciya ce taka.”

Ya lallaɓa madafin Tabawa, ya tsoma jelarsa a kaskon man gyaɗa, ya zo ya shafe gefen tabarma kaf, ya bar kusurwar Duna. 'Yan kwikwiyo suka shinshina, suka lasa, suka yaga.

Washegari sai ga Kurege a bakin ƙofa. “Salamu alaikum, Sarkin Baka! Subhanallahi, me zan gani? Ashe karnukan naka ba na kaba ba ne. Darduma za a nemo, irin ta fatake, mai nauyi, wadda ba ta zamewa in sun yi tsere a kanta.”

Nomau ya sayar da fatun gada, aka sayo darduma. Kurege ya shimfiɗa da hannunsa, ya karɓi mudu. Ya bari aka kwana biyu, ya koma kaskon mai. 'Yan kwikwiyo suka shinshina, suka lasa, suka yaga.

“Salamu alaikum, Sarkin Baka! Kai, darduma ma? To laifin zare ne, yana shiga musu haƙori. Buzun rago za a sa.”

Nomau ya yanka ragon da yake kiwo don suna, wai ya sayi wani daga baya. Aka jeme buzu, Kurege ya shimfiɗa, ya karɓi mudu. Tabawa na daga ciki tana mita, ga ciki ya tsufa, ga gyaɗa na ƙarewa, ga man suya ba ya auki. Nomau ya zane 'yan kwikwiyo har suka daina kuka. Duna na kwance yana gani, abin yana cin ransa.

Ya ce, “Ƙanena, ya isa haka. Mutumin nan shi ya raine ni tun ina jan ciki. Ka bar shi ya yi sunansa cikin mutunci.”

Kurege ya ce, “Wannan ce ta ƙarshe, Baba, na rantse.”

Ta ƙarshen ce kuwa, amma ba yadda ya nufa ba. Ran nan tsirkiyar bakan Nomau ta tsinke tun bai yi nisa ba, ya juyo gida da hantsi. Ya turo ƙyauren zaure, sai ga dillali a tsakiyar buzu, ya juya baya, yana ta shafe-shafe da jela, har da 'yar waƙarsa.

Kurege ya waigo. Ya buɗe baki ya ce, “Sala...”

Nomau ya ce, “A'a! Ba a sallama daga ciki.”

Ya kai cafka ya kama jela, jela ta sulluɓe saboda mai. Ya sake kai hannu, ta sake sulluɓewa. Kurege ya nufi ramin, amma ina, Duna na kai, kuma in ya ɗaga ciki asiri ya tonu. Kafin ya yi wata dabara Nomau ya damƙe masa wuya.

“Ashe kai ne! Tabarmata, dardumata, ragon sunan ɗana! Ta ina ka shigo, ƙyaure a rufe?”

Kurege ya ce da muryar shaƙaƙƙe, “Ta rariya.”

“Ƙarya kake, jiya na toshe ta. Duna! Kai kana nan kwance. Ta ina ya shigo?”

To ku lura da nan. Duna bai taɓa yi wa maigidansa ƙarya ba. Ba ma sai ya yi magana ba, tashi kawai zai yi ya ja buzun da ƙafa, magana ta ƙare. Ya dubi Nomau, ya dubi Kurege da idanunsa suka firfito. Ya sa haɓa a ƙasa ya ce, “Barci nake yi, maigida.”

Nomau ya yi tsaki. Ya zaro wuƙa ya ce wa Kurege, “Ba komai. Kai ka ce fata za a sa. Taka ba ta isa zama ba, amma za ta isa goge ƙafa.”

Bakin Kurege kuwa bai taɓa mutuwa ba. Ya ce, “Tsaya, Sarkin Baka, tsaya! Yanka ni ba zai zaunar maka da Mai unguwa ba. Karnukan nan sun riga sun koyi cin shimfiɗa, da mai da babu mai, duk abin da ka sa sai sun yaga. Fatata ma loma ɗaya za su yi mata. Abu ɗaya ne a duniya ba za su sa wa haƙori ba, ba za su hau ba, ba za su zuba wa yawu ba. Ka sake ni in faɗa maka.”

“Faɗi a haka.”

“Fatar ɗan'uwansu. Fatar kare.”

Nomau ya ce, “Kai, la'ananne! Dattawan da ke ƙyamar gashin kare su ne za su zauna a kan fatarsa?”

“Wa zai faɗa musu? In majemi ya sa mata bagaruwa ya goge ta, baƙin bunsuru ce. Mutanen nan ba kare suke ƙi ba, gani suke ƙi.”

Wuƙar Nomau ta ɗan yi ƙasa. Can ya ce, “To a ina zan samu fatar kare?”

Kurege ya sha faɗa daga baya cewa shi bai ambaci sunan kowa ba, kuma gaskiya ne, bai ambata ba. Ido kawai ya juya wajen kusurwa.

Nomau ya bi idon da kallo. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, kamar da kansa yake, “Shi ya tare min gadu a fadama, ranar da kibiyata ta ƙare.” Daga cikin gida Tabawa ta yi nishi, ta kira maƙwabciya. Nomau ya ce, “Amma ya tsufa. Ci kawai yake yi.”

Haka mutum yake. In yana son yin abu, dalili ba ya yi masa wuyar samu.

Ya jefa Kurege cikin akurkin kaji a gefen zaure, ya danne da dutse. Ya ce, “Kana nan sai na gani da idona. In suka taɓa ta, kai ne na gaba.” Sannan ya ɗauki gorarsa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi fito irin na fita farauta, wanda ya yi shekaru bai yi wa Duna ba.

Duna ya ji duk abin da aka faɗa, kunnensa lafiya lau. Amma da ya ji fiton nan sai jelarsa ta kaɗa da kanta. Ya miƙe a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, don kada buzun ya zame. Gefe ɗaya ya ɗan ja baya, bakin rami ya leƙo. Ya sa ƙafa ya mayar da shi, ya danna. Da ya zo wuce akurki ya tsaya, ya yi ƙasa da murya.

“Na rufe maka, ƙanena. In an kawo ni, ka shimfiɗa da kyau.”

Kurege ya juya masa ƙeya, wai yana sosa kunne.

Da la'asar Nomau ya dawo shi kaɗai, da ƙunshi a kafaɗa. Bai shiga gida ba, gidan majemi ya wuce. Ranar bai ci tuwo ba. Washegari ya ci.

Tabawa ta sauka lafiya, ɗa namiji. Ana gobe suna majemi ya aiko da fata, baƙa, mai laushi, tana sheƙi yadda ba ta taɓa yi ba lokacin da mai ita ke yawo da ita. Nomau ya buɗe akurki ya ce, “Fito, dillali. Kai ka ce da hannunka kake shimfiɗawa.”

Kurege ya fito duk ya rame, yana warin kashin kaji. Ya ɗora sabuwa a kan tsohuwa, ya zare buzu ta ƙasa. Aka kira 'yan kwikwiyo. Suka shigo da gudu, suka yi turus. Suka shinshina. Ba su lasa ba, ba su yaga ba. Suka sa jela tsakanin ƙafafu, suka ja da baya suna wani siririn kuka, suka fice ta ƙofar ciki. Daga ranar ko da nama aka kira su ba sa taka zauren nan, ta kan katanga suke fita.

Nomau ya ce, “Ka faɗi gaskiya.” Ya sake shi. Har mudu ya auna masa, don ya ce shi ba ya cin haƙƙin kowa.

Da safiyar suna dattawa suka hallara. Mai unguwa ya zo cikin farar riga, ya leƙa zaure, ya ga ƙal, ba gashi ba yawu. Ya cire takalmi, ya shiga, ya zauna a tsakiyar fatar, ya naɗe ƙafa. Ya shafa ta da tafin hannu ya ce, “Kai, madalla! Bunsuru ne?”

Nomau ya ce, “Bunsuru ne, ranka ya daɗe.”

“Ai da tuni ka yi haka. Yanzu ka zama mutum. Ina wannan ƙazamin tsohon karen naka?”

Nomau ya ce, “Yana nan kusa.” Ya miƙa masa goro.

Kurege na ƙasa, daidai ƙarƙashin Mai unguwa, yana ɓare gyaɗa a hankali don kada a ji. Za ku so in ce muku ta tsaya masa a wuya. Ba ta tsaya ba. Babu kare a zaure yanzu, babu mai cewa ya isa haka, rumbu kuma na nan inda yake. Kafin damina ya yi ƙiba har sai da ya faɗaɗa ramin.

Labarin shimfiɗar ya zaga gari. Wani maharbi daga ƙauyen gaba, wanda shi ma karnuka suka hana shi baƙi, ya zo ya yi ta roƙon Nomau ya faɗa masa sirrin. Nomau ya kau da kai ya ce shi bai san komai ba, ya je ya nemi dillali.

Maharbin bai ma sha wahalar nema ba. Da hantsi sai ga Kurege a ƙofar gidansa, jela a karkaɗe, ya yi sallama, aka amsa. Ya zauna, ya sha ruwa, ya tambayi iyali da gajiya. Ya dubi karnukan gidan ɗaya bayan ɗaya, suna kwance a inuwa.

Ya ce, “A cikinsu wanne ne ya fi daɗewa tare da kai?”

Kurunkus kan kurege, in kun iya kama shi, ni dai ban iya ba. Wanda duk ya tashi yi wa wani rufin asiri, ya fara shafa fatar nasa bayan ya ji. In gashin da laushi, ya tashi daga wurin. Ku kuma ku kwashe ɓawon gyaɗarku daga kan tabarmata.